Yadda ɗalibi zai mai da tatsuniya katun na sakan 30 da wayar hannu

Duk sanda na ce wa 'yan aji za mu yi katun, abin da ke fara fitowa daga bakinsu shi ne, "Malam, wace manhaja za mu sauke?" Ni kuma sai in ce a ajiye waya tukuna, kowa ya ciro tsohon littafin rubutu. Nan take sai ka ga an ɓata rai. Ina da dalilina. Manhaja ba ta san labari ba, ba ta kuma san tsawon lokacin da ya kamata Gizo ya tsaya yana zare ido kafin ya faɗa ruwa ba. Wannan kai ne za ka sani. Ga hanyar da muke bi daga tatsuniyar baka zuwa ɗan fim na sakan 30, da kwali da almakashi da waya guda ɗaya, ko da ta aro ce. Da ɗalibi nake magana, mace ko namiji, amma malamin da ke son gwadawa da ajinsa zai iya bin sawu.

Mataki na 1: yi lissafi kafin ka cika baki

Katun ba motsi yake yi ba. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, ana sauya su da sauri har ido ya ɗauka abu ɗaya ne ke tafiya. Fim ɗin silima yana nuna hotuna 24 a kowane sakan. Masu katun na hannu sun daɗe da gano cewa in aka nuna kowane zane sau 2, wato zane 12 a sakan, ido ba ya ƙorafi. Da 12 ɗin nan za mu yi aiki.

To, ninka 12 sau 30: hotuna 360. In kowane hoto ya ci maka minti 1, tsakanin gyara hannun Gizo da dubawa da dannawa, awa 6 ke nan cur. In darasinku minti 40 ne, ka cire lokacin shimfiɗa kaya da na tattarawa, ka ga makonni nawa ke gabanka. Akwai wanda zai ce shi fim na minti 10 zai yi. Wannan hotuna 7,200 yake nufi, awa 120. Ba na musu da shi, alli kawai nake miƙa masa ya yi lissafin a kan allo, shi da kansa yake dawowa sakan 30.

Mataki na 2: ƙwallo a gefen littafi

Kafin ka taɓa labari, sai hannunka ya san yadda motsi ke aiki. Ɗauki tsohon littafi, ka buɗe shafin ƙarshe, ka zana ɗan ƙwallo a saman gefen dama. Juyo shafin da ke gabansa ya rufe shi. Za ka hango inuwar ƙwallon farko ta cikin takarda, sai ka zana na biyu ɗan ƙasa da shi. Daga baya ake farawa a taho gaba saboda wannan hangen. In ka yi shafi 20 ko fiye, ka kama gefen da babban yatsa ka saki shafukan su zubo. Wasan nan tsoho ne, tun 1868 wani Bature ɗan Ingila, John Barnes Linnett, ya yi masa rajista.

A gwajin farko kusan kowa yana yin kuskure iri ɗaya: ya raba tazarar daidai wa daida, layi 2, layi 2, layi 2. Sai ƙwallon ya riƙa saukowa kamar guga a rijiya, ba kamar abin da aka saki ba. Abin da ke faɗuwa yana ƙara gudu ne yana tafiya. Yi amfani da layukan littafin a matsayin ma'auni: daga zanen farko zuwa na biyu layi 1, sannan layi 3, sannan 5, sannan 7. Haka nauyi ke jan abu ƙasa. In ya taɓa ƙasa, ka zana shi a ɗan baje kamar ƙosai a shafi ɗaya tak, sannan ya tashi da tazara mai faɗi tana raguwa, 5, 3, 1, har ya kai ƙololuwa ya ɗan yi jinkiri. Tashi na biyu kada ya kai tsawon na farko.

Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne jigon sana'ar gaba ɗaya: zane kusa da kusa yana ba da motsi a hankali, zane nesa da nesa yana ba da gudu. Yanzu sake zana ƙwallon, amma ka mai da shi dutse. Ba zai baje ba, ba zai tashi ba sai ɗan kaɗan. Sake yin sa kamar balan-balan, tazara ƙanana duka, yana lilo hagu da dama. Da'ira ɗaya ce ka zana sau uku, amma mai kallo zai rantse ya ga abubuwa uku masu nauyi daban. Na ga ɗaliban da hannunsu ya faɗa a zane, suna iya fitar da fuskar mutum kamar hoto, amma katun ɗinsu ya fito a sandare, na kuma ga wanda bai iya komai ba sai mutum-mutumin tsinke ya sa aji dariya, don ya gane wannan tazarar. Kada ka bar wannan matakin sai ƙwallonka ya yi tsalle yadda kai ma ka yarda da shi.

Mataki na 3: nemo labari, ka yanke shi ba tausayi

Ba sai ka ƙirƙiro sabo ba. Je wurin kaka ko goggo bayan sallar isha'i, don in ka je da rana za a ce maka ba a tatsuniya da rana. Ka ce, "Goggo, don Allah a yi mana ta Gizo da hankaki." Ka nemi izini ka ɗauki muryarta a waya, daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Wannan tatsuniyar zan riƙe a matsayin misali. Ana yunwa a gari, hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya lallaɓe su, kowace ta cire masa gashi ɗaya aka haɗa masa fukafukai, suka tashi tare. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ta kai wa baki sai ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka fusata, kowace ta fizge gashinta, suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa wurin kadoji, labari ya ci gaba.

Ga inda zuciya ke wahala: kadojin nan dole su tafi. Ƙoƙi ma ba ta da wuri. Zuwan Gizo gidan hankaki da sunan ɗibar wuta, wanda a bakin goggo ya fi komai daɗi, shi ma a ajiye shi. Sakan 30 ba ya ɗaukar fiye da buƙata ɗaya, cikas ɗaya, sakamako ɗaya. Rubuta labarin a jimla guda: Gizo yana son ɓaure, an taimake shi ya samu, haɗama ta sa ya rasa fiffiken komawa. In jimlarka tana da "sannan kuma" fiye da ɗaya, ba ka gama yanka ba.

Sai aiki na biyu, wanda ya fi wannan wuya. Tatsuniya a baki take rayuwa, katun a ido. Goggo za ta ce, "Gizo dai kun san shi da haɗama," shi ke nan ta gama. Kai ba ka da wannan gatan. Dole ka tambayi kanka: me zan nuna da zai sa wanda bai san Gizo ba ya ce lallai wannan mahandami ne? Wataƙila ya zo da buhu wanda ya fi shi girma. Wataƙila bakinsa cike yake taf, kumatu sun kumbura, amma yana miƙa hannu ya kare wani ɓauren. Yunwa fa? Ciki ya lotsa, ya dafe shi, a ji ƙugi. Fushin hankaki? Su kalli juna shiru, ba wanda ya ce uffan. Bi jimlolin tatsuniyar ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka faɗi hali ko abin da ke cikin zuciya, ka nemo masa aikin da ido zai gani. Magana ka bar ta sai inda babu makawa. A namu layi ɗaya muka bari, "Nawa ne, ni na fara gani!", kuma da tsamin bakin nan na Gizo ake faɗinsa, don in ba shi, ba Gizo ba ne.

Mataki na 4: allon labari

Ninke farar takarda sau uku ka buɗe, za ka sami gida 8. Kowane gida fitowa ɗaya ce. Zana da sauri, kan mutum da'ira, jiki tsinke, kada ka ɓata lokaci wurin ƙawa. Ƙarƙashin kowane gida ka rubuta sakan nawa zai ci da sautin da za a ji.

Namu ya kasance haka. Gida na 1, daga nesa, bishiya a tsakiyar kogi da hankaki suna shawagi, sakan 3. Na 2, Gizo a bakin gaɓa ya dafe ciki yana hange, sakan 4. Na 3, ana ba shi gashi, sakan 5. Na 4, tashi sama, 4. Na 5, a kan bishiya, hankaka ta miƙa baki ya kare ɓauren har sau 2, sakan 6. Na 6, kusa da fuskokin hankaki suna kallon juna, 2. Na 7, fizge gashi da tashi, 3. Na 8, Gizo ya daka tsalle ya bi su, yana kaɗa hannu ba fiffike, tsundum, 3. Jimla 30.

Lura da yadda nisan kyamara ke canjawa. Hoton nesa yana gaya wa mai kallo inda ake, na kusa yana gaya masa abin da ake ji. In ka ɗauki komai daga nisa ɗaya, zai zama kamar wasan kwaikwayon da aka kalla daga kujerar baya. Sannan ka riƙe alkibla: in Gizo ya tashi daga hagu zuwa dama don zuwa bishiya, to hankaki in za su koma gida daga dama zuwa hagu za su bi. In ka juya wannan, mai kallo zai rikice bai san dalili ba.

Sakan ɗin nan ba da ka ake yanke su ba. Tashi tsaye ka kwaikwayi Gizo, abokinka yana riƙe da agogon waya. Za a yi maka dariya, ba komai. Daga nan ka kai takardar wurin ɗan wani aji wanda bai san me kuke yi ba, ka miƙa masa, ka kama bakinka. Ya faɗa maka labarin da ya gani. Duk gidan da ya yi tuntuɓe a kai, laifin gidan ne, ba nasa ba. Gyara shi yanzu da fensir ya fi ka gyara bayan ka ɗauki hoto 60.

Mataki na 5: ɗauki murya tun yanzu

Da yawa suna barin murya sai ƙarshe, sai su tarar maganar ta fi hoton tsawo. Murya ake fara ɗauka, hoto ya bi ta. Nemi ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, don suna shanye amsa-kuwwa. Aji babu kowa ya fi ko'ina muni, murya tana dukan bango tana dawowa. Kashe fanka, jira janareton maƙwabta ya yi shiru, ka riƙe waya kamar taƙi ɗaya daga baki, ɗan gefe kaɗan don kada iskar "f" da "b" ta buge ta. Kowane layi a faɗe shi sau 3, a zaɓi ɗaya.

In kana da hali, ɗauki hoton kowane gida na allon labarin, ka jera su a CapCut ko wata manhajar haɗa bidiyo, kowanne da tsawon sakan ɗinsa, ka ɗora muryar a kai. Ka ga fim ɗinka ke nan tun kafin ka yanka kwali ko ɗaya.

Mataki na 6: yanka 'yan wasa

Zana hotuna 360 da hannu ya fi ƙarfin zango ɗaya na karatu, shi ya sa muke yankan kwali mu riƙa motsa shi muna ɗauka. Kada ka raina hanyar. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, da baƙin kwali da almakashi ta yi dogon fim daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, ya fito a 1926 bayan aikin kusan shekara 3, kuma shi ne dogon katun mafi tsufa da ya rage a duniya. A nan kusa kuma akwai Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Makaniki ne tun farko, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wurin wani gwanin katun, Norman McLaren, a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Ya yi zama a Tawa shekaru masu yawa. Ina ambatonsa ne don ɗalibin da yake ganin wannan sana'a sai a Amurka ko Japan.

Kayan da kake buƙata: kwali mai ɗan kauri irin na kwalin shayi ko na sabulu, takardu masu launi, almakashi, reza, gam, salatif, zare da allura, tsinken sakace, da ambulan. Girman Gizo ya kai tafin hannunka. In ya gaza haka, gaɓoɓinsa za su gagare ka motsawa, in ya wuce, ba zai shiga hoto ba. Kada ka ba shi ƙafa 8 wai don gizo-gizo ne. Kowace ƙafa aiki ce a kowane hoto. Hannu 2, ƙafa 2, ƙaton ciki da 'yar hula sun isa, yadda dai yawancinmu muke hango shi in ana tatsuniya.

Yanka kai daban, gangar jiki daban, damtse da sangalin hannu daban, cinya da ƙwauri daban, kowanne da ɗan rarar da zai hau kan na kusa da shi. Huda da allura inda gaɓa take, ka zura zare, ka ƙulla ta gaba da ta baya. Kada ya yi sako-sako har hannu ya riƙa faɗuwa da kansa, kada kuma ya ɗaure tamau. Ido da baki ba a manna su. Yanka idanu kala 3: na daidai, zararru, da rufaffu. Baki ma kala 3 ya wadatar: rufaffe don "m" da "b", har da "f" tunda mu da leɓɓa biyu muke furta ta, buɗaɗɗe don "a" da "e", zagayayye don "u" da "o". Kowane ɗan wasa da ambulan ɗinsa, a rubuta suna a kai. Idon Gizo bai fi ƙwayar wake ba, in ya ɓata a ƙasan aji sai dai a yanka wani, kuma ba zai zo daidai da na farko ba.

Wani lokaci ɗalibi yakan zo ya ce a gida ba a son ya zana abu mai rai. Ba na jayayya da iyayen kowa. Sai mu koma kan kayan gida: ludayi da cokali suna rigima a kan ƙwarya, ko murafen kwalba suna wasan ƙwallo. Duk abin da ke cikin wannan bayani yana aiki a kansu, kuma ludayin da ya sunkuyar da kai don kunya yakan fi zanen mutum ba da dariya.

Bango kuwa, takarda shuɗiya don sama, wata mai duhu don ruwa, bishiya daga kwali. Manna su da salatif a kan tebur ta kowace kusurwa.

Mataki na 7: kafa waya da haske

Abu biyu ke lalata aikin masu farawa: waya ta motsa, ko haske ya canja. Ba sai ka sayi ƙafar kyamara ba. Samo babban katan mai ƙarfi, ka kifa shi a kan bangon da ka shimfiɗa, ka yanke gefen da ke fuskantarka don hannu ya shiga, ka yanke tagogi a gefe biyu don fitila, ka huda ɗan rami a sama daidai idon kyamara. Kwantar da waya a kai tana kallon ƙasa, a kwance ba a tsaye ba, ka ɗaure ta da salatif ko roba. Katan ɗin ma a manne shi da tebur, a zagaye gindinsa da maka, biron nan mai kaurin baki, don gobe a mai da shi inda yake.

Hasken taga yaudara ne. Kai ba za ka ga yana canjawa ba, amma girgije ɗaya ya gifta, fim ɗinka zai riƙa ƙyaftawa. Wutar NEPA kuma ka san halinta. Rufe taga, ka sa fitila mai caji 2, ɗaya hagu ɗaya dama, cike da caji, don in batir ya fara sanyi haske yana dusashewa a hankali. In hasken ya yi kaifi yana fitar da inuwa, rufa wa fitilar farar takarda.

Manhajar Stop Motion Studio tana da nau'in kyauta a Android da iPhone, kuma ya ishe ka. Shiga saiti ka mai da saurin hotuna 12 a sakan, don yakan zo ƙasa da haka. Mai da kyamara saitin hannu, ka kulle haske da kaifin hoto, in ba haka ba duk sanda hannunka ya shiga ya fita wayar za ta sake wa kanta shawara. Kunna abin nan da ke nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, wanda masu sana'ar ke kira ɓawon albasa. Shi ne madadin hangen da ka yi ta cikin takarda a mataki na 2. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kira ɗaya zai iya girgiza ta. In kana da iyafis mai waya, gwada maɓallin ƙara sautinsa, a wayoyi da yawa yana ɗaukar hoto ba tare da ka taɓa fuskar wayar ba.

Mataki na 8: motsa, janye hannu, ɗauka

Mutum 3 suka fi dacewa. Ɗaya yana motsa kwali, ɗaya yana ɗauka, ɗaya yana riƙe da allon labari yana ƙirga: gida na 2 sakan 4 ne, hotuna 48, yanzu muna na 17. Mai ɗauka ba ya dannawa sai mai motsawa ya ce "ɗauka", shi kuma ba ya faɗa sai ya janye hannu da inuwarsa. Kowa ya tsaya wuri ɗaya, kuma mai farar riga ya ja baya, tana mai da haske kan takarda. A riƙa canjin aiki bayan kowane gida don kowa ya taɓa.

Fara da gida mafi sauƙi, ba na 1 ba dole. Da tsinken sakace ake tura ƙananan gaɓoɓi, ɗayan hannun yana danne gangar jiki. Motsi na yau da kullum bai wuce kaurin tsinken ashana 1 ko 2 a kowane hoto ba. Bayan kowane hoto 12 ka kunna ka gani.

Yanzu dabaru uku da ke sa kwali ya yi rai. Na farko shiri kafin aiki. Kalli ɗan dambe: kafin ya kai naushi sai ya ja hannu baya. Gizo ma kafin ya daka tsalle, ya durƙusa tukuna na hoto 4 ko 5, sannan ya tashi cikin hoto 2 ko 3 masu tazara mai faɗi. In babu durƙuson, mai kallo ba zai ga tsallen ba, sai dai ya ga Gizo ya ɓace. Na biyu, motsi yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya tsaya a hankali, sai fa faɗuwa da karo. Na uku shi ne tsayawa, kuma shi ɗalibai suka fi tsoro, suna ganin in abu bai motsa ba sun yi ha'inci. A gida na 8, bayan Gizo ya bar reshe, ka tsayar da shi a sarari na hoto 8, ya kalli hannunsa na dama, ya kalli na hagu, a sauya masa zararrun idanu, sannan ya faɗi da tazarar nan ta 1, 3, 5, 7. Dariyar duk a cikin tsayawar take. Haka kallon-kallon hankaki a gida na 6: hoto 24 ne, amma abin da ke motsi ƙwayar ido ce kawai da ƙyaftawa ɗaya, rufaffen ido na hoto 2.

Akwai inda za ka rage wa kanka wahala. Kaɗa fiffike hoto 4 ne, sama, tsakiya, ƙasa, tsakiya. A gida na 4 ka bar hankaki wuri ɗaya suna kaɗawa, ka riƙa jan gajimare ta bayansu zuwa hagu kaɗan-kaɗan, za a ga kamar su ke tafiya dama. Inda babu abin da ke canjawa a bango, ɗauki hoto 4 ɗin sau ɗaya ka kwafa ka maimaita a manhaja.

In darasi ya ƙare kana tsakiyar gida, ka yi ƙoƙari ka ƙarasa shi, ko ka bar shi gaba ɗaya sai wani zama. Mun taɓa tsayawa a tsakiyar gidan raba gashi da niyyar ci gaba washegari, muka bar komai a shimfiɗe. Da safe wani ya shigo ya kunna fanka. Gashin hankaki har bayan allo muka tsinto shi, hotuna 35 suka tafi a banza.

Mataki na 9: sauti da haɗawa

Goge duk hoton da yatsa ya leƙo. Fitar da bidiyon, ka kai shi manhajar haɗawa, ka jera gidajen bisa tsari, ka ɗora muryar da ka ɗauka tun farko. Sauran sautuka da kanka za ka yi su: mafici ko littafi ana kaɗawa don fukafukai, dutse a bokitin ruwa don tsundum, ƙugin ciki da baki. Sautin faɗawa ruwa ya sauka daidai kan hoton da ƙafa ta taɓa ruwa, in ya makara da hoto 3 kunne zai ji. Kiɗa kuwa, kada ka ɗauko waƙar wani ka ɗora, in ka sa a YouTube ko Facebook za a iya toshe sautin saboda haƙƙin mallaka. Nemi ɗan ajin da ya iya buga tebur ko kalangu, ya yi muku na sakan 10. A rage ƙarar kiɗa duk inda Gizo ke magana.

Sa sunan fim a farko na sakan 2, sunayenku a ƙarshe, har da wadda ta ba ku tatsuniyar in ta yarda. Tura kwafi zuwa waya ta biyu ko kwamfutar makaranta a ranar, musamman in wayar ta aro ce.

Wanda ya fi son zane a kan yankan kwali, FlipaClip na waya yana aiki da wannan lissafin na 12, a kwamfuta kuma akwai Pencil2D da Krita, duka kyauta.

Mataki na 10: ranar nunawa

Ko da majigi ne ko a fuskar waya aka taru, kai kada ka kalli fim ɗin, ka riga ka gan shi sau ɗari. Tsaya a gefe da allon labarinka da biro, ka kalli fuskokin mutane. Kada ka yi bayani kafin a fara. Inda suka yi dariya ka sa alama a gidan, inda wani ya juya ya tambayi na kusa da shi "me ya faru?" ka sa wata alamar daban. A nuna sau 2. Bayan na biyu ka tambayi mutum 3 abu ɗaya: me ya sa hankaki suka ƙwace gashinsu? In biyu sun kasa amsawa, gida na 5 ne bai fito ba. Kwalayen suna nan cikin ambulan, alamar maka tana nan a tebur, hotuna 72 ne kawai. A sa ranar sake ɗaukarsa, wannan karon da buhun Gizo ya ninka girma.